Ɗaki a Ɓangaren Gabas

Talata, 2 ga wata

Yaya Tela,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da surukarki da jikoki, ina sanar da ke, cikin nutsuwar da ta dace da babban al'amari, cewa jiya da ƙarfe goma na safe na sayi sabuwar igiyar takalmi. Shekara tara ina ɗaure ƙafar hagu da wadda na ƙulla a wuri biyu, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara a laburare, don masu karatu ba sa kallon ƙasa. Ke kika jawo wannan juyin mulki. An gaya mini mai gadin ƙofar babban otal daga takalmi yake fara karanta mutum, in shafin farko bai yi masa ba, ba ya buɗe na biyu.

Lafiyata lau, in aka cire gwiwa, wadda take sanar da ni zuwan ruwan sama tun kafin rediyo ya sani. Likita ya ce in rage gishiri da gardama. Na rage gishiri.

Direba, mai motar hayar nan da ke zuwa garinku, ya kawo mini 'yar takardarki ran Asabar. Sau uku na karanta ta, na juya bayanta ko akwai ƙarin bayani, babu. Kin ce in kama miki ɗaki a dogon otal ɗin nan na bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kwana uku, daga Litinin 22 ga wata zuwa safiyar Alhamis, hawa na tara ko sama da haka, ɓangaren gabas. Kin ce kada in kira waya, wai ƙarar keken ɗinki ta cinye miki kunne, kuma wayar gidan ba ta barin hannun surukarki. Kin ce kada in gaya wa kowa. Wa zan gaya wa? Wa zai yarda? Matar da ta shekara arba'in tana farke tsohuwar kwala ta juya ta don kada a taɓa sabon yadi, ita ce yau take neman gadon da ake ajiye wa alewa a kan filo.

Duk da haka na ɗauki aikin da gaske, har na leƙa wasu biyu don in samu abin kwatantawa. Na farko bangon banɗakinsa gilashi ne, ta yadda mai wanka da mai kwance za su ci gaba da hirarsu ido da ido. Na fito ban tambayi dalili ba. Na biyu kuwa ƙamshinsa ya biyo ni har gida, maƙwabcina ya tare ni a ƙofa yana tambaya ko na canza hali.

Naki ya fi su, ba laifi, kin iya zaɓe. Kafet ɗinsa yana haɗiye ƙarar tafiya, lif ɗinsa yana magana da muryar mace mai haƙuri, tawul ɗin kuwa da kin taɓa shi sai kin nemi sanin inda aka saƙa. Yarinyar teburin karɓar baƙi ta tambaye ni mece ce ke a wurina. Na ce jikar yayar kakata. Ta bi takardarta daga sama har ƙasa ba ta ga gurbinmu ba, sai ta rubuta "da sauransu".

Amma gabas ɗin nan, wa ya ba ki shawararsa? Otal ɗin fuska biyu gare shi. Ta yamma akwai lambu da tafki da fararen agwagi waɗanda ba su san wahala ba. Ta gabas kuwa katanga ce, da waya mai ƙaya, da tsakar gidan yarin birnin nan, fili fetal na siminti. Su kansu masu otal kunyarsa suke ji. Har hawa na takwas sun manne gilasan da takarda mai hazo don kada baƙo ya ga abin da zai ɓata masa karin kumallo. Daga na tara ne suka gaji, ko takardar ce ta ƙare. In fitowar rana kike son gani, ina tabbatar miki faɗuwarta ma ba ta da laifi, ai rana ɗaya ce.

Ina labarin Auta? Har yanzu yana cikin jirgin ruwan nan da ba ya tsayawa a inda ake sayar da biro? Ki ce masa kawunsa na laburare bai mutu ba.

Ƙaninki,
Ƙamus

Juma'a, 5 ga wata

Ƙamus,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi da kake lafiya. Ka riƙa shafa wa gwiwar man zafi, ka daina hawa tsani kana ɗauko littattafan da ba mai karantawa. Mu ma lafiya muke. Idona na dama ya fara ruwa in na daɗe a kan baƙin yadi, amma na hagu garau yake, da shi nake zura zare har yanzu.

Allah ya sanya wa igiyar takalmi albarka.

Ban tambaye ka agwagi ba. Gabas na ce, hawa na tara ko sama. Abin da ke gabas ɗin na san da shi, ba sai ka sake kwatanta mini ba.

Ka koma ka duba mini ko akwai kujerar da zan iya ja da kaina zuwa bakin taga. Ka duba labulen nan na raga, ko yana zugewa gaba ɗaya ko a kafe yake. Ka tambaya ko rana tana dukan gilashin tsakanin takwas da tara na safe har ta hana gani, kuma ko za a iya hana masu shara ƙwanƙwasa ƙofa a wannan lokacin. Tawul da alewa ka bar musu abinsu.

Na san halinka tun kana yawo da gajeren wando kana gyara wa manya magana. In aka aike ka sayen allura, sai ka dawo da almakashi da dogon bayanin dalilin da ya sa ya fi. Wannan karon kada ka gyara mini. Ka yi yadda na ce kawai, ka ba Direba takardar ɗakin.

Auta yana nan da ransa.

Yayarka,
Tela

Litinin, 8 ga wata

Yaya Tela,

Ina gaida ke da mutanen gida. Na sayi man zafin, yanzu gwiwa tana ciwo tana kuma wari. Ki kula da idon nan na dama, baƙin yadi ki bar wa safiya.

Sai da na kwana da wasiƙarki sannan na gane ta. Wani ya raɗa miki cewa ɗakunan gabas sun fi sauƙi, shi ne kika ce kin san abin da ke can, irin haƙurin nan na mutanen da ba su saba a yi musu alheri ba. Sannan kika lulluɓe shi da tambayoyin labule da kujera don kada in gano ki. Shekara talatin ina karanta abin da marubuta suka ɓoye tsakanin layi da layi, Yaya, ba ke za ki ɓatar da ni ba.

To ki saurara ki ji yadda sa'a take. Na koma yau da safe in kama miki gabas ɗin, kamar yaron kirki. Ina cike takarda sai ga manajan ɗakuna, wani dogo mai murmushin da aka sa wa dutsen guga. Ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙuwar dattijuwa ce?"

Na ce, "Ta girme ni, kuma ba ta bari in manta."

Ya ce, "Zuwanta na farko ne wurinmu?"

Na ce, "Zuwanta na farko ne ko'ina."

Sai ya dafe ƙirji. Ya ce ba a otal ɗinsu za a sa uwa ta tashi da safe ta kalli katanga ba. Ashe a makon nan naki akwai babban taron likitocin haƙori, kuma da ma yana neman inda zai zuba su. Ya ce gabas ɗin duk a ba su, su da ba taga suke kallo ba, bakin mutane suke kallo. Ke kuma ya mayar da ke yamma, hawa na goma sha biyu, ɗaki da falo, bai ƙara komai a kai ba. A gabana ya danna na'urarsa, aka rufe magana.

Na san kin ce kada in gyara. Ban gyara ba, karɓa kawai na yi, kuma ko a kotu akwai bambanci.

Tambayoyinki duk na amsa su da ƙafata. Kujera akwai har uku, ɗaya mai taya a ƙafa. Labule yana zugewa. Masu shara kuwa akwai ɗan kwalin da ake ratayawa a hannun ƙofa, in suka gan shi sai su wuce kamar gidan makoki. Maganar rana ta daki gilashi da safe, wannan na kashe miki ita gaba ɗaya, don a yamma ba ta zuwa sai la'asar.

Direba bai iso ba har yanzu, zan bar wannan da takardar ɗakin wurin malamin tasha ya ba shi. Godiya ba sai kin tsawaita ta ba, layi biyu ya isa.

Ƙaninki,
Ƙamus

Lahadi, 7 ga wata

Ƙamus,

Ina fatan kana lafiya. Shekaranjiya na aika maka da wasiƙa, amsarka ba ta iso ba tukuna, amma ba zan jira ta ba. Tun da na ba Direba waccan hankalina bai kwanta ba, don na san ka, in ba ka san dalilin abu ba sai ka ƙirƙira masa naka. Gara in gaya maka.

Auta ba ya cikin jirgin ruwa. Bai taɓa ganin teku ba. Shekara biyu da wata huɗu ke nan yana bayan katangar nan da ka kwatanta mini da kyau.

Ka san babbar motar siminti yake tuƙawa. Ya san birkinta yana wasa, ya faɗa, aka ce ya kai wannan lodin tukuna a duba. Ya yarda. A wata gangara cikin birninku ta ƙwace masa. Mutum uku ne a bakin titi suna jiran mota, wani dattijo, da wata mata da ɗanta. Shekara goma sha biyu aka yanke masa. Ni da yayansa kaɗai muka sani. Jirgin ruwan ni na ƙirƙire shi a kan keke, rana ɗaya, ina ɗinkin wata riga mai ruwan bula.

Sau ɗaya na ziyarce shi. Na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan yi kuka ba, ban kuwa yi ba. Hannu kawai na miƙa in gyara masa wuyan riga, don ya karkace. Sai ya ja da baya kamar garwashi na miƙa masa. Ya ce, "Inna, ita ma matar nan hular ɗanta take gyarawa." Ya kau da kai har lokaci ya cika. Da na koma wata na gaba, ganduroba ya buɗe littafi ya ce fursuna ya soke sunana da hannunsa. Sau shida na sake komawa. Wasiƙuna kuwa dawowa suke yi yadda na liƙe su.

A layin ƙofar nan na san wata mata, mijinta sashe ɗaya suke da Auta. Shara take yi a otal ɗin. Ita ta gaya mini daga hawa na tara ana ganin tsakar gidan, kuma sashensu daga takwas zuwa tara ake fito da su shan iska. Ita ce kuma ta aiko mini cewa ran Alhamis 25 ga wata za a kwashe masu dogon ɗauri zuwa wani sabon gidan yari, tafiyar kwana biyu a mota, a tsakiyar fili, babu ko doguwar bishiya kusa da shi balle bene.

Na sayar da babban keken, na bar ƙaramin. Safiya uku nake nema, Talata da Laraba da Alhamis, awa ɗaya-ɗaya. Ba magana zan yi da shi ba, ba na ma so ya san na zo. In gan shi yana tafiya da ƙafarsa, shi ke nan.

Yanzu ka san abin da ke gabas. In za ka yi dariya ka yi a gida.

Yayarka,
Tela

Litinin, 15 ga wata

Ƙamus,

Lafiya muke. Kwana takwas ke nan ban ji daga gare ka ba, kai da ba ka iya barin takarda ta kwana ba amsa. Na ji shirun, na kuma gane shi. Ba kai ne na farko da zai ji kunyar haɗa jini da mu ba, kuma jinin ma ai mai nisa ne, ko a takardar otal ba shi da gurbi. Ba sai ka zo tarba ta ba. Ka bar mini takardar ɗakin wurin malamin tasharku, zan tambayi hanya.

Tela

Juma'a, 19 ga wata

Yaya,

Lafiyata ba abin tambaya ba ce yau.

Jiya da azahar Direba ya shigo laburare da wasiƙunki biyu a hannu. Injin motarsa ya buga tun ran 8 ga wata, kwana goma tana garejin makanike. Wasiƙarki ta 7 tana cikin aljihun motar, ta 15 tana tasharku, tawa ta 8 tana tasharmu a ƙarƙashin kofin shayin malamin tasha. Ba shiru na yi miki ba. Da ma shirun na yi. Gobe zai kawo miki waccan tare da wannan. Ki fara da waccan, ki ga irin mutumin da kika aika.

Na kira wayar gidanku, surukarki ta ɗauka, na tambayi lafiyar yara na kashe.

Daga laburare otal na wuce. Manajan nan ya tarbe ni da murmushinsa, ya ce ko agwagin ne ba su yi ba. Na ce a mayar da ke gabas. Ya ce gabas ta likitoci ce, daga hawa na tara har sama, sai Laraba da rana za su fita. Na roƙe shi, Yaya, ni da ban taɓa roƙon ko aron biro ba. Ya ce in gaya masa dalili ko zai iya taimakawa. Na buɗe baki na rufe, don ba sirrina ba ne. Na nemi sakataren taron, ya ce an riga an buga sunaye, kuma likitan haƙori ba ya son a canza masa wurin zama. Abin da na samu shi ne ɗaki ɗaya a hawa na goma sha ɗaya, daga Laraba da yamma. Safiyar Alhamis ke nan kaɗai. Safiya biyu ni na bayar da su, da hannuna, ina godiya.

Akwai sauran magana, kuma ta fi wannan ɗaci. Yau da safe na sa aka hau da ni ɗakin in gani da idona. Ƙarfe takwas wata ƙofa ta buɗe a ƙasa, suka fito. Sun kai ɗari biyu, duk tufafi iri ɗaya ruwan toka, duk kai a aske. Daga can sama kowannensu bai wuce sandar ashana ba. Tagar ba ta buɗuwa. A gefenta akwai sanarwa cikin firam mai ruwan zinariya, cewa bisa yarjejeniya da maƙwabta, haka suka kira su, an hana amfani da madubin hangen nesa ko ɗaukar hoto ta wannan ɓangaren, kuma ana duba jaka a ƙofa. Na goge tabarau na tsaya awa guda. Na san Auta tun yana rarrafe, amma ko fuska ɗaya ban iya rarrabewa ba. Da na koma aiki na ɗauko littattafai biyu a kan yadda ido yake gani, duk bakinsu ɗaya: a irin wannan nisan fuska ba ta isowa.

Ba za ki gane shi ba, Yaya. Za ki zaɓi ɗan wasu ki kalle shi awa guda, ki koma gida da shi a zuciya. Shawarata kada ki zo. Na san darajar shawarata a wurinki yanzu.

Na cike takardar neman ziyara da sunana, a matsayin kawu. Sun ce kwana ashirin da ɗaya, kuma izinin yana bin fursuna duk inda aka kai shi. In kin zo duk da haka, zan kasance a tasha. Kunyarki ba na ji. Tawa ta ishe ni.

Ƙamus

Lahadi, 28 ga wata

Ƙamus,

Na iso gida lafiya. Ƙafafuna sun kumbura da zaman mota, sun fara saɓewa. Na gaya wa surukata asibitin ido na je. Na gode da tarba da rakiya. Ran Alhamis ka zauna a ƙasa tun bakwai kana jira na, na sauko na ce mu je tasha, ban ce maka komai ba har mota ta tashi. Ba fushi ba ne. In na buɗe baki a wurin, a kan kafet ɗinsu zan zube.

Talata da Laraba na yi su a ɗakinka na yamma. Agwagin suna nan lafiya, goma sha huɗu ne, ɗaya tana ɗingishi. Takwas in ta yi sai in juya kujerar nan mai taya in fuskanci bangon gabas. Matar nan mai shara ta so ta saci hanya ta shigar da ni wani ɗaki na gabas, amma likitocin sai tara suke fita, kuma akwai kyamara a kowane lungu. Na hana ta. Mijinta yana ciki, ita ke riƙe da yara, ba zan ci mata aiki ba.

Ran Alhamis gari ya waye garau. Na zuge labule, na rataya kwalin, na rufe idon dama da tafin hannu. Suka fito kamar yadda ka faɗa, ba ka yi ƙarya ba, sandunan ashana ne.

Amma kai fuska ka je nema. Ni ban taɓa sanin mutum ta fuska ba. Duk wanda ya shigo shagona baya yake juya mini in sa tef. Auta ya faɗo daga katanga yana ɗan shekara bakwai, ƙashin kafaɗarsa ta hagu ya karye ya haɗe a ƙasa. Tun daga nan duk rigar da na yanka masa sai na rage rabin inci a hannun hagu. Rigar gidan yari ba wanda ya rage mata komai. In aka sa masa rigar da ba tawa ba, hannun hagun yana zubowa ya rufe masa yatsu, sai ya riƙa kai hannun dama yana jan shi sama. Haka yake yi tun a rigar makaranta.

Kafaɗu na bi, layi-layi, kamar mai duba kabu. Biyu na samu masu karkata ta hagu. Ɗaya tsoho ne, ƙafa yake ja. Ɗayan yana bin inuwar katanga shi kaɗai, bai shiga cikin masu ƙwallo ba, bai tsaya da kowa ba. Na ƙirga takunsa. A na tara hannun dama ya tashi ya ja na hagu. Ya yi taku goma, ya sake.

Ya rame, Ƙamus. Rigar rataye take a jikinsa kamar a kan ƙusa. Inci uku ya tafi a ƙirji, huɗu a ƙugu, wuya ma ya ragu da ɗaya. Amma da ƙafarsa yake tafiya, kuma bai sunkuya ba.

Sai ga ganduroba ya fito da takarda a hannu. Na ga ana tsayawa, ana juyowa. Wasu suka ware suka yi layi a bakin wata ƙaramar ƙofa, yana cikinsu, na shida. Ya ja hannun rigar sau ɗaya, ya shiga. Na duba agogon da ke gefen gado, takwas da minti goma sha ɗaya. Bai ɗaga kai ba. Babu mai ɗaga kai a cikinsu. Na zauna har tara ina kallon 'ya'yan mutane.

Awa uku na zo nema. Ban rubuto don in ɗora maka ba, ka san abin da ka yi, kai mai karatu ne.

Amma maganarka ta biyo ni mota, ta zauna kusa da ni har gida. Ɗan wasu, ka ce. Tun ran Juma'a nake juya ta. Ga ƙunshi nan wurin Direba. 'Yar ciki ce fara mai dogon hannu, ba maɓalli ba aljihu, irin wadda matar nan ta ce ana bari a shigar. Ban yanka ta da tsohon awonsa ba, da abin da na gani ta taga na yanka ta. In izininka ya fito ka kai masa da sunanka, don nawa dawowa zai yi. Ka sa ya saka a gabanka. In ta yi masa yawa ko ta yi kaɗan, to kai ne da gaskiya, ɗan wasu na kalla. Kada ka gaya masa na zo. Ni kuma ka gaya mini ko wanne ne, yadda yake. Kada ka gyara.

Yayarka,
Tela

Asabar, 18 ga sabon wata

Yaya,

Ina gaida ke. Jiya na dawo, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, gwiwa ta daina yi mini magana gaba ɗaya. A ƙofa sun sa na cire igiyar takalmi, sabuwar nan, kuma da na fito na manta ban karɓa ba.

Minti ashirin aka ba mu. Lafiyarsa ƙalau, ba ya tari, haƙoransa duk suna nan. Ganduroba ya lalube rigar ya miƙa masa. Ya juya cikinta waje, ya bi kalmasar da babban yatsa tun daga wuya har ƙasa. Bai tambaye ni wa ya ɗinka ba. Na ce ya saka in gani, ya saka.

Ƙirji daidai, ƙugu daidai, wuyan ya kwanta. Hannun hagu ya tsaya cak a inda na dama ya tsaya. Na ga hannunsa na dama ya tashi zai ja, bai samu abin ja ba, ya koma.

Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, yaushe ta auna ni?"

Ina da amsoshi uku masu kyau a bakina. Na haɗiye su duka.

Da lokaci ya kusa cika na yi masa maganar sunanki a littafin ziyara. Ya girgiza kai. Ban matsa ba, kuma ba zan ce miki na ga alamar zai sauya ba, don ban gani ba. Ya mayar da rigar tokar a kan taki, da ita ya koma ciki.

Na rubuta miki cewa ba za ki gane shi ba. Ɗanki kika gani. Na yi kuskure, Yaya, a kan wannan da kuma a kan ɗakin.

Ƙaninki,
Ƙamus